Camry 'yar Kentucky, Fijo 'yar Kaduna: wace ce motar gida?

Mannir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa mani da gaske, kada a mai da ita raha. Tun da gwamnatin tarayya ta fito da maganar fifita kayan gida a 2025, kullum sai ka ji ana cewa ma'aikatu su bar sayen motocin waje su sayi na gida. To ni wace ce ta gidan? Camry ɗin da nake hawa kowa 'yar Japan yake ce mata, amma takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta ce a Kentucky ta Amurka aka ƙera ta. Hilux ɗin wurin aikinmu daga Afirka ta Kudu ta fito. Fijo da ake haɗawa a Kaduna tambarin Faransawa ne a goshinta. Innoson kuma an ce injinta daga waje yake zuwa. Da me ake gane 'yar gida da baƙuwa?

Sada Dillali: Wa alaikumus salam. Mannir, mu a bakin kasuwa abin bai kai haka wuya ba. Mota iri uku ce: sabuwa dal, Baljiyam, sai ta hannu. Kuma ko wacce ce, in takardun kwastan ɗinta sun cika ta zama 'yar ƙasa. In ba su cika ba baƙuwa ce, ko da shekara goma ta yi tana zirga-zirga tsakanin Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Ƙaura 😄

Amma tunda ka ce da gaske kake, je ka duba lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Haruffa ne da lambobi guda 17. Na farkon shi ke faɗin ƙasar da motar ta fito. J Japan ce. 1 ko 4 ko 5 Amurka. 2 Kanada, 3 Meziko. W Jamus, K Koriya, L China, S Ingila. Taka da 4T1 za ta fara, in dai ba a yi mata wata aika-aika ba.

Mannir: Na fita na duba yanzun nan. 4T1 ce kuwa. Ke nan Ba'amurkiya ce?

Sada Dillali: Mafi yawan Camry da Accord da Sienna da ke yawo a garin nan haka suke. Toyota na ƙera Camry a Georgetown ta jihar Kentucky tun 1988. Honda ma ta riga ta, a 1982 ta fara yin Accord a Ohio. Lexus RX ɗin nan da Alhazawa ke so, da yawansu 'yan Kanada ne. Ka kuma tuna sitiyarin Japan a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama, sitiyarinmu a hagu. Motar da aka yi don titin Tokyo ba ta da amfani a wurinmu sai an juya mata sitiyari, kuma wannan rigima ce da hukuma. Shi ya sa kasuwarmu ta karkata Amurka da Turai.

Kabir Mai Sharon: Ni dai tawa babu gardama, Bajamushiya ce. W ce a farkon lambar, na sha gani. Katsina zuwa Kano, Kano zuwa Daura, ƙarfen Jamus ke ɗauke da ni.

Injiniya Zulai: Yaya Kabir, yi haƙuri zan ɓata maka rai. Ba a Jamus aka yi Sharon ba. A Palmela ne, kusa da Lisbon a ƙasar Fotugal, wata masana'anta da Volkswagen da Ford suka haɗa kuɗi suka gina, ta fara fitar da mota a 1995. A lokacin daga layi ɗaya Sharon da Ford Galaxy da SEAT Alhambra suke fitowa, sai a manna wa kowace tambarinta. Ƙa'idar da Alhaji Sada ya kawo tana aiki sosai a motocin da suka zo daga Amurka, amma kamfanonin Jamus sukan bar W ɗinsu ko da a wata ƙasar aka haɗa motar. In masana'antar kake son sani sai ka ƙirga zuwa harafi na 11.

Kabir Mai Sharon: Fotugal? Ƙasar su Ronaldo? Haba Injiniya, a bar ni da Jamus ɗina mana.

Lawal Bakanike: Gaskiya ta faɗa maka Kabiru. Ai mu da hannu muka sani, ba da karatu ba. Ka aje tsohuwar Galaxy kusa da Sharon ka duba ƙofofi da gilas da ƙafa. Fitila da bamba ne suka ɗan saɓa, sai inji da wani lokaci Ford ke saka nasu. Amma a tasha sai ka ga an fi sa wa Sharon kuɗi, don kawai VW ce a gaba.

Hajiya Binta Daura: Sannunku da hira. Tunda ga Lawal a kusa bari in yi tambaya. Vibe gare ni, da ita nake ɗauko kaya daga Kantin Kwari. Lokacin da zan saya kowa sai da ya hana ni, wai motar Amurka ce, Pontiac, za ta cinye mani jari a gareji. Ga shi kuma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Wace iri ce ita?

Lawal Bakanike: Hajiya, barka da yamma. Ki sa a buɗe maki bonet ki gani. Injin Corolla ne a ciki, giyabos ma na Toyota. Ni in an kawo mani Vibe, kayan Matrix ko Corolla nake aikawa a sayo. Riga ce kawai ta Pontiac.

Injiniya Zulai: Haka ne Hajiya. A Fremont ta California aka yi ta, masana'antar haɗin gwiwa ce tsakanin General Motors da Toyota tun 1984. 'Yar'uwarta Matrix kuma a Kanada. Har Japan an kai Vibe an sayar da sunan Toyota Voltz. An rufe masana'antar a 2010, shekarar da aka binne sunan Pontiac ɗin baki ɗaya, yanzu Tesla ce ke aiki a wurin.

Baba Dikko: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubutawa, ni ina faɗa. Na yi haya da 504 doguwa, Katsina zuwa Kaduna ta Funtuwa, tun kafin a yi jihar Katsina a 1987. A zamaninmu ban taɓa jin wanda ya ce wa Fijo motar Faransa ba. 'Yar Kaduna muke ce mata. Masana'antar Kakuri ta fara fitar da mota a 1975. Mun san kayan daga Faransa suke zuwa, ba a ɓoye ba, har da jirgin sama ake jigilarsu daga Lyon a sauke a Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Amma wanda ya yi waldar bodi, da wanda ya fesa fenti, da wanda ya ɗaure noti, 'ya'yanmu ne. Akwai 'yan Malumfashi, akwai 'yan Kankiya. Ƙarshen wata mu direbobi ake ba saƙon kuɗi a ambulan mu kai wa iyayensu. Taya kuma ko Michelin ta Fatakwal ko Dunlop ta Ikeja.

Kuma ba Kaduna kaɗai ba ce. Boswaja a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu, Leyland a Ibadan. Babban sakatare 504, alƙali 504, ɗan tasha 504. In ta tsaya maka a Bakori cikin dare, akwai yaron da za a tasa ya kwance kafireto ya hura ya mayar, ka ba shi na goro ka wuce. Su Faransawan sun bar yin ƙaramar a ƙasarsu tun 1983, mu muka ci gaba da yin ta fiye da shekara ashirin bayan nan. To ku masu boko ku gaya mani, ta wa ce?

Mannir: Allah shi ƙara lafiya Baba. Wannan tarihi ne da ba mu samu ba.

Abba: Baba, Allah shi ja da rai, ba gardama zan yi da kai ba. Amma da tamu ce ai da ba ta mutu ba ran da naira ta faɗi. Abin da yake naka ba ya tsayawa don wani ya rufe maka famfo daga Paris. Ni a wurina mota ɗaya ce ta gida a ƙasar nan, Innoson. Mai kamfanin ɗan Najeriya, sunan nashi, masana'antar a Nnewi, ribar a nan take zama. Sauran duk 'yan aikatau ne na Turawa da 'yan China.

Malam Bishir: Abba ya taɓo inda ke ciwo, ko da yake ya yi saurin yanke hukunci. Abin da ya kashe zamanin da Baba ke faɗa sananne ne. Kayan haɗin da kuɗin waje ake sayo su. Da aka shiga SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986 aka karya darajar naira, sai sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikacin da a da yake samun rancen mota ya saya. Baljiyam ta shigo ta cike gurbin. Masu yi wa masana'antun kaya suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bar yin taya a 2008. Ita PAN, kamfanin Fijo na Kaduna, an sayar wa 'yan kasuwa a 2006, a 2012 AMCON, hukumar karɓar basussukan bankuna, ta karɓe ta saboda bashi.

To amma Abba, in muka ce asalin mai kamfani shi ne ma'auni, za mu shiga ruɗu. Volvo ta Sweden tun 2010 Geely ta China ke da ita. Range Rover ɗin da manyanmu ke taƙama da ita, Tata ta Indiya ta saye kamfanin tun 2008. Rolls-Royce ta BMW ce, Bentley ta Volkswagen. Shin Baturen Ingila da ke aiki a masana'antar Land Rover motar Indiya yake ƙerawa? Ita kanta Fijo tun 2021 ta shiga ƙarƙashin Stellantis tare da Fiat da Jeep da Opel, hedikwatarsu a Holan. Ka ɗauki Landtrek, a-kori-kurar da kamfanin Fijo na Ɗangote ya fara haɗawa a sabuwar masana'antarsa ta hanyar Kaduna zuwa Abuja: tambari na Faransa, zanen motar da Changan ta China aka yi shi, uwar kamfani a Holan, jari na Bakano da gwamnatocin jihohi, hannun da ya haɗa na 'yan Kaduna. Wace tuta za ka kafa mata?

Abba: Malam, ai duk wannan ya ƙara nuna gaskiyata. Tunda kowa haɗe-haɗe yake yi, me ya sa in an zo kan Innoson sai a ce inji na waje ne? Wa ke yin komai da kansa?

Malam Bishir: Nan kam ina tare da kai. Babu wanda ke yin komai da kansa. Wanda ya raina Innoson don ta sayo inji bai san yadda Hyundai ta faro ba. Motar farko da suka kira tasu, Pony, a 1975, injin Mitsubishi ne a cikinta, Ba'italiye ya zana ta, Turawan Ingila suka tsara masu aikin. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: bana me aka iya yi a gida wanda bara ba a iya ba? Koriya kowace shekara tana ciro wani abu daga jerin kayan da take sayowa, har ta kai ga injinta. Wannan tambayar ce nake so a riƙa yi wa Innoson da Nord, wani kamfanin motoci na gida, da Ɗangote da kowa, ba tare da duba sunan mai kamfani ba.

Hajiya Binta Daura: Ni fa abin nan ya yi mani kama da sana'armu. Shadda Getzner daga Ostiriya take zuwa, zaren aiki ma na waje ne, keken ɗinkin ɗan China. Amma in tela ya yanka ya ɗinka babbar riga, aka yi mata aiki aka buga ta, wani ya sa ya hau doki ranar hawan sallah a Daura, akwai wanda zai ce rigar Turawa ce?

Malam Bishir: Babu, Hajiya. Amma ke da kike cikin harkar, faɗa mana: a kuɗin rigar nan, nawa ya tafi wurin mai shadda, nawa ya tsaya hannun tela?

Hajiya Binta Daura: Ai Malam ka san amsa. In aikin inji ne, kuɗin tela bai kama ƙafar na shadda ba. Sai in aikin hannu ne na gaske, wanda ake wata da watanni ana yi, shi ne ɗinkin kan kamo yadin.

Injiniya Zulai: To a mota ma akwai wannan bambancin, kuma shi ne ake ɓoyewa cikin cewa "an haɗa a Najeriya". Akwai abin da ake kira SKD. Motar kan zo a kwantena an riga an yi waldar bodinta an fesa fenti, wani lokaci har kujeru da waya suna ciki. Abin da ya rage a ɗora inji, a ɗaura tayoyi da bamba da batir, a zuba mai a tayar. Mutum kaɗan ke wannan aikin, kuma ba wani abin kirki suke koyo ba. Akwai kuma CKD, inda bodin ke zuwa falle-falle, a nan za a yi walda, a tsoma shi a maganin tsatsa, a yi fenti, a gasa. Irin wanda Baba ya ba da labari ke nan. Shi ke buƙatar ɗaruruwan ma'aikata da wuta mai ƙarfi, shi ne kuma ke jawo mai yin kujera da mai yin gilas da mai yin wayar lantarki su zo su kafa a kusa.

A 2013 gwamnatin Jonathan ta sa harajin kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, ta sassauta wa kayan haɗi. Nufin shi ne a fara da SKD a wuce zuwa CKD. Kamfanoni da yawa suka karɓi lasisi, mafi yawa suka tsaya a matakin farko. Su ma suna da hujjarsu: wa zai zuba biliyoyi a ɗakin fenti alhali tsarin bai zama doka ba? Sai ga dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin nan zuwa kashi 5.

Sada Dillali: Kuma mu wannan zaftarewar daɗi ta yi mana, gaskiya ɗaya ce. Injiniya, kuna ta maganar sabuwar mota. Mutum nawa ne a Katsina suka taɓa cire leda a kujerar mota? In ka cire gwamnati da bankuna da 'yan siyasa, saura ƙalilan. Talaka Baljiyam yake nema, yanzu ma Baljiyam ɗin ta fi ƙarfinsa ya koma ta hannu. Kafin 2017 ta Kwatano motoci ke zuwa, su ratsa Nijar su sauka Maraɗi, a shigo ta Jibiya ko Kwangwalam a biya duti a nan. Aka hana shigo da mota ta kan tudu, a 2019 kuma aka rufe bodar gaba ɗaya. An ce don a kare masana'antun gida. Ni dai ban ga wanda ya fasa sayen Corolla ya je ya sayi sabuwar 'yar gida ba. Kuɗi kawai ya ƙaru.

Kuma bari in ba ku wani abu. Ku ɗauki Corolla guda. An ƙera ta a Kanada, ta yi hatsari a Amurka, inshora ta kai ta gwanjo, ɗan Najeriya ya saya ta intanet, jirgin ruwa ya sauke ta a Legas. Ta zo nan gaba a murƙushe. Bamba da fitila 'yan Taiwan, in inji ya ƙi a sa wani da ya biyo ta Dubai, mai gyaran bodi ya buga, mai fenti ya fesa, mai kujera ya ɗinka sabuwar riga, rewaya ya bi waya. Wallahi hannun 'yan Katsina da ya taɓa motar nan ya fi wanda ya taɓa wata SKD ɗin yawa.

Abba: Alhaji Sada, wato yanzu gyaran motar hatsari shi ne masana'antarmu? Innalillahi.

Sada Dillali: Ban ce abin alfahari ba ne ƙanena. Cewa na yi shi ke ciyar da mutane.

Lawal Bakanike: Ku bari in faɗi nawa, don duk inda kuka sayo ta a wurina take ƙarewa. Yanzu haka akwai wata mota a garejina, ba zan faɗi sunanta ba. Sabuwa aka saye ta, an ce a ƙasar nan aka haɗa ta, ko ledar kan kujera ba a gama cirewa ba. Akuya ta gitta wa direba a hanyar Mashi, ya kauce ya daki kwalbati. Fitila ɗaya ta fashe, lagireto ya huje, wata 'yar na'ura da ke bayan bamba ta mutu. Lagireto mun yi masa dabara. Fitila da na'urar nan kuwa an nema a kasuwannin kayan gyara, Ƙofar Ruwa babu, Panteka babu, Ladipo babu, sai dai a yi oda. Tana nan ƙarƙashin darbejiya, ƙura ta rufe gilas har yarana sun rubuta sunayensu da yatsa, taya biyu sun sace, kazar maƙwabta ta fara ƙwai a ƙarƙashinta. Mai ita kullum sai ya kira ni, kamar ni na ɓoye fitilar.

A gefenta wata Corolla ta shigo da safe da irin wannan ciwon. Na buga waya Kano, aka ba direban tasha kayan, kafin la'asar mai ita ya ja abarsa. To ni Lawal, motar da zan samu kayanta kafin la'asar ita ce 'yar gida. Wadda sai an jira jirgin ruwa baƙuwa ce, ko a Batagarawa aka haɗa ta.

Baba Dikko: Yaron nan Lawal ya yi magana. Abin da ya sa 504 ta zama tamu ke nan, ba takarda ba.

Malam Bishir: Ranka shi daɗe, da ɗan bambanci. 504 ta haɗa biyun: ana samun kayanta a Bakori, kuma albashin wanda ya haɗa ta a Kaduna ake cinye shi. Corolla kuwa ɗaya kawai ta cika daga cikin biyun. Duk fitilar da Lawal ya sayo dala ce ta fita. Ma'aunin Lawal shi ne daidai ga mai mota, kuma da ni zan saya da shi zan yi aiki. Amma ga gwamnatin da ke sayen ɗaruruwa da kuɗin jama'a bai isa ba. Kuma kayan gyara ba sa zuwa sai motar ta yi yawa a titi. Ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa ba zai ajiye fitilar motar da guda biyar ce a jihar ba. Shi ya sa abin da 'yan majalisar tarayya suka yi a 2023, da suka sayi manyan jip na waje ana tsakiyar kukan tsadar dala, ya yi wa mutane ciwo. Su ne masu iya sa motar ta yi yawa.

Mannir: To su can ƙasashen da ke ƙerawa, su ma suna wannan gardamar?

Malam Bishir: Sosai ma, har sun fi mu. A Amurka doka ta tilasta a manna wa kowace sabuwar mota takarda a gilas mai faɗin kashi nawa na kayanta ne daga Amurka da Kanada, a ina aka haɗa ta, inji daga ina, giyabos daga ina. Sai ka ga mutum ya sayi Ford Fusion don kishin ƙasa, ashe a Hermosillo ta Meziko aka yi ta, ko Ford Edge daga Kanada, maƙwabcinsa mai Camry kuwa ta Kentucky ce. A yarjejeniyarsu da Kanada da Meziko ta 2020 sun ce sai kashi 75 na darajar mota ya fito daga yankin kafin ta tsallaka ba haraji, a da kashi 62.5 ne. Ko harajin kashi 25 da Trump ya ɗora wa motocin waje a Afrilun 2025 bai duba tambari ba, inda aka haɗa ya duba.

Kusa da mu kuma ga Maroko. Renault ta buɗe masana'anta a Tanja a 2012, Fijo ta buɗe a Kenitra a 2019. Motocin tambarin Turai suke ɗauke da shi, amma kujeru da wayoyi da sauran kaya da yawa a can ake yi, kuma Turai ake kai wa. Babu wanda ya damu da tuta, aikin suke so.

Abba: To ai mu ma muna da masu basira. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne ya zana Chevrolet Volt, har ya dawo ya riƙe hukumar motoci ta ƙasa a 2017.

Injiniya Zulai: Ya zana kuwa, kuma abin alfahari ne. Amma a Detroit aka ƙera ta, 'yan can suka ci albashin. Basira ba ita muka rasa ba Abba, ƙarfe muka rasa da wuta. Bodin mota fallen ƙarfe yake so. Ajakuta da aka faro da Rashawa tun 1979 har yau ba ta ba mu ba. Kamfanin mulmula ƙarfe na nan Katsina kuma rodin gini aka kafa shi ya yi, ba falle ba. In dai falle daga waje zai zo, inji daga waje, taya daga waje, kason gida zai tsaya a kujera da roba da fenti da ƙwadago. Ba laifi ba ne a fara da su. Laifin a ce an kai inda ba a kai ba. Ni da za a bi tawa, irin takardar nan ta Amurka za a tilasta wa duk mai cewa a Najeriya ya haɗa, ya manna a gilas kowa ya karanta.

Sada Dillali: A manna, ba mu ƙi ba. Amma wanda ya zo wurina abu uku yake tambaya: tana shan mai? akwai kayanta? in na tashi sayarwa za ta mayar mani da kuɗina? Ban taɓa ganin wanda ya tambaye ni kashi nawa ba.

Injiniya Zulai: Ba don abokin cinikinka ba ne Alhaji. Don mai sa hannu a takardar kwangila ne, ran da zai ce mana ya sayi ta gida.

Kabir Mai Sharon: Ni duk kun wuce da ni. Oga Lawal, tunda ka ce ƙofofin ɗaya ne, akwai wata Galaxy da ta kwanta a bayan tasharmu, mai ita na sayar da kayanta. Ƙofar bayana ta dama ta ruɓe daga ƙasa. Za ta hau?

Lawal Bakanike: In shekarunsu ɗaya za ta hau. Ka duba makullin da injin gilas kafin ka biya, kuma kada ka bari ya sa maka kuɗin Sharon, kuɗin Galaxy za ka ba shi. Kawo ta gobe bayan azahar, da safe ina da juyen mai guda biyu.